Haƙoran Chizu a Kan Rufi

Shekara hamsin Tomezo ya yi yana narka dalmar koma a rumfar bayan gidansa. Duk masuncin da ke gaɓar nan ya san hannunsa. In yana ɗaure dalma a gindin koma, sai ya cika kumatu da ita, yana zaro ɗaya ɗaya. Ga baki kuma, kai, ba a magana!

Jikarsa Chizu a rumfar ta yi rarrafe, don nan ne wuri mai ɗumi lokacin sanyi. Ta shekara bakwai magana ba ta zauna a bakinta ba, ƙirga ba ya wuce huɗu. Tomezo kuwa ya riga ya yanke hukunci: jinin uwarta ne. Sumie matar ɗansa 'yar manoman kan dutse ce, kuma shi bai taɓa ganin ɗan dutse mai kan gado ba. Ya faɗa a gidan wankan jama'a, ya faɗa a bakin jirgi. Sau ɗaya Sumie ta ce, "Baba, hayaƙin nan fa, da yarinya..." Ya ce, "Ke, ubana ma shi ya shaƙa. Je ki duba miyarki."

Da masu aikin hanya suka fasa tsohon tudun ɓawon katantanwa, suka tarar da ƙasusuwan mutanen shekaru dubbai. Wata malamar jami'a mai suna Okabe ta bi gida gida tana roƙon haƙoran da yara suka famfare, za ta gwada su da na yaran da aka tono a tudun. Tomezo da kansa ya sa tsani ya hau rufi, inda bisa al'adarsu ake jefa haƙoran ƙasa na yara don sababbin su fito a miƙe. Ya tsinto biyu na Chizu. "A auna," in ji shi, "a ga wanda ya ɓata mana iri."

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo, shi ya karɓa. Haƙorin yaron tudu, dalma kamar babu. Na Chizu ya ninka shi ɗaruruwa, ya fi na kowane yaro a ƙauyen. Malamar ta ce a kai ta asibiti maza, don dalma guba ce mai dakushe ƙwaƙwalwar yara, kuma ta yi tambaya ɗaya: akwai mai narka dalma a gidan?

Ya cusa takardar cikin tsohuwar koma. Kwana uku! Dattijo da furfurarsa ya zauna kan magana irin wannan kwana uku, don kada masunta su yi masa dariya. Ya daina haɗa ido da kowa.

Rana ta huɗu ƙanwarsa Matsu ta zo cin abincin rana. Chizu ta kifar da miya. Matsu ta ce, "Ayya, jinin dutse. Yaya ai ka faɗa." Sumie ta sunkuya tana gogewa. "Ku yi haƙuri, laifina ne."

Kunya ta kama Tomezo har cikin ƙashi. Ya fita ya ɗauko wasiƙar, ya ajiye gaban Sumie, ya durƙusa ya kafa goshi a tabarma.

"Ba ke ba ce. Ni ne."

Ta karanta har ƙarshe, ta sake duba kwanan watan da ke samanta. "Baba, yaushe ta zo?"

"Ran Litinin."

Ba ta ce ya tashi ba. Ta miƙe ta ɗauko rigar fitar yarinyar.

Chizu ta ga kakanta a ƙasa yana kuka, abin da ba ta taɓa gani ba. Ta matso ta buɗe masa tafin hannu don ta lallashe shi. Ta sa yatsu a kumatu, daidai yadda yake yi, ta zaro dalma ɗaya jiƙe da yawu ta ɗora masa.

"Kaka, ungo. Ina da saura."