Dutsen Niƙan Kaka a Kaset

Jiya ƙanshin sabon garin gero ya buge ni, sai kakata ta faɗo mini a rai.

Ina ɗalibi a Yamai, a shekarun saba'in, aka turo ni gida, ƙauyenmu Dogo-Dogo, in ɗauko waƙoƙin niƙa na zamanin kakanninta. Na kunna rikoda na ce, "Kaka, yi daga zaune."

Ta yi dariya. "Mai gidana, waƙar nan ba ta fitowa sai hannu na kan dutse. Miƙo geron."

Ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, tana niƙa tana rerawa.

Malamaina suka ce gurzar dutsen ta danne baitocin. Ni kuwa har yau gurzar nake saurare, da numfashinta a tsakani.

Allah ya hutar da gwiwoyin nan a Aljanna.