Nababa Mai Zaman Mota

Duk wanda ya taɓa hawa mota a tashar Marken Dawa ya san Nababa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dattijon nan mai farar hula da ke zama kusa da taga a layi na biyu, jaka a kan cinya, yana duba agogo yana tsaki. In ka gan shi sai ka rantse ɗaurin aure ake jiransa a birni. To, babu inda za shi. Shekara ashirin da bakwai ke nan babu inda za shi.

Sunan sana'ar zaman mota. Ka san halin fasinja, ba ya son motar da babu kowa. Zai leƙa, ya ga kujeru wayam, ya ce bari ya sha koko ya dawo, daga nan ya zarce bakin titi ya tari ta kan hanya. Shi ya sa direba kan samo mutum uku ko huɗu su zauna ciki kamar matafiya. Mai zuwa ya leƙa ya ga saura kaɗan, sai ya shiga. In mota ta kusa cika, masu zaman su zame ɗaya bayan ɗaya, direba ya damƙa musu ɗan na cefane. Doka ɗaya ce tak a sana'ar, Nababa kuwa ya riƙe ta gam: in mai tafiya na gaske ya zo, ka tashi ka ba shi wuri.

Ba gadon sana'ar ya yi ba, gona ya gada. Mahaifinsu ya bar gona ɗaya da 'ya'ya maza tara. Da aka raba, abin da ya faɗo wa Nababa in jaki ya kwanta a ciki wutsiyarsa na gonar ƙaninsa. Geronta kan ƙare tun rani bai yi nisa ba. Wata shekara ya raka wani abokinsa mai tafiya ci-rani tasha, ya shiga mota suna sallama, sai ga mutane suna ta cusowa. Direban ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam, kana da fuskar tafiya. Gobe ma ka zo."

Ya zo, kuma ya ƙware. Jakarsa ɓawon gyaɗa ne a ciki. Agogon ya mutu tun auren 'yarsa ta fari, amma ba wanda ya iya duba shi da ɓacin rai kamar Nababa. Ranar kasuwa yakan ari kazar matarsa Luba ya rungume, har kazar ta saba, da ta ji ƙarar inji sai ta lumshe ido. Ga faɗa da direba, wanda shi ne gishirin aikin.

"Kamaruddeen! Wai a nan za mu yi azahar ne? Ina da ganin likita ƙarfe goma!"

"Yi haƙuri Baba, saura mutum biyu."

"Tun ɗazu kake saura mutum biyu!"

Mutum bakwai ne suka saura, su biyun duka sun sani. In lokacin zamewa ya yi, ko alwala ta kama shi, ko ya tuna ya bar waya a wurin caji. Da la'asar ya koma gida, Luba ta tare shi da kwanon ruwa: "Sannu da hanya, Alhaji. Ya mutanen Kano? Ina tsarabata?" Ya ce mata mutanen Kano suna gaishe ta.

Haka ake ta lallaɓawa har aka cire tallafin mai. Kuɗin mota ya yi tsalle, ya sake yin tsalle, mutane suka gano ashe yawancin abin da ke kai su birni zai iya jira. Unguwa guda ta riƙa tura mutum ɗaya da saƙon gida goma. Kekunan da aka rataye tun tuni suka sauko. Amalanken shanu ya dawo da martabarsa, har mai shi yana zaɓen wanda zai gaisa da shi. Nababa kan zauna tun hantsi har rana ta take, gumi na bin wuyansa, yana tsaki babu mai ji. Wata rana kazar ta gaji da jira ta yi ƙwai a kujerar. Kamaruddeen ya sallami sauran masu zaman uku, ya bar Nababa shi kaɗai, ya kuma ce masa, "Baba, kai ma don mutunci ne."

Ana cikin haka kakar zaɓe ta kama. Honorabul Abdulkabir, mai neman kujerar majalisa, ya zo da lasifika da fosta, a ciki yana murmushi ya ɗora hannu a kan wata farar bas. Ya ce talaka ya gama shan wahalar mota. Ya ce zai kawo bas mai aiki da iskar gas, rabin kuɗi, mai sanyi a ciki. Jama'a suka yi tafi, har da Nababa. Sai Honorabul ya ɗaga yatsa ya ƙara da cewa, "Kuma ba ta jiran cika! Ƙarfe bakwai daidai za ta tashi, ko da fasinja ɗaya ne!"

Tafin Nababa ya tsaya a tsakiya. Motar da ba ta jiran cika, me za ta yi da mai zaman mota?

A duk faɗin ƙaramar hukumar shi kaɗai ne ya fito yana adawa da tashin mota a kan lokaci. Ya bi majalisa-majalisa yana cewa tukunyar girki ce aka sa wa taya, in ta faɗa rami sai dai a tsinci mutum a Zakirai. Ba wanda ya saurare shi. Mutumin da ya shekara ashirin da bakwai yana cewa yanzu za a tashi, wa zai karɓi fatawarsa a kan mota?

Ran Litinin da hantsi sai ga Yahya, kodinetan Honorabul, da waya biyu a hannu ɗaya, ya yi sallama a ƙofar gidan.

"Baba Nababa, aiki muka kawo maka. Alhamis za a ƙaddamar da motar. Muna son mutum talatin masu kama da fasinja."

"Masu kama da fasinja, ko fasinja?"

"Masu kama. Daga filin firamare za ta tashi, ta kai famfon burtsatse, mai hoto ya ɗauka, kowa ya sauka. Da azahar ana jiranta a wani garin, su ma za a ƙaddamar musu da tasu."

"Tasu? Motocin biyu ne?"

Yahya ya dubi wayoyinsa. "Baba, ƙyallen da ke gabanta ake canzawa."

Sai Nababa ya ji wani sanyi a ransa. Ashe motar abokiyar sana'a ce. Ranar ya ci tuwo malmala biyu, har Luba ta tambaya ko an yi masa albishir da kujerar Makka.

Kwana biyu ya yi yana horar da mutum talatin a gindin marke, an jera bencinan makarantar allo kamar kujerun mota. Ya koya musu riƙon ƙunshi, da leƙen taga, da yadda ake tsaki ba tare da an wuce gona da iri ba. Ya kuma koya musu dokar, don shi bai iya koyar da rabin sana'a ba: in mai tafiya na gaske ya zo, ka tashi. Yahya bai hana ba, saboda bai ma san akwai wata doka ba. A daidai kwanakin nan kuma motar lasifikar Honorabul tana zaga rugage da ƙauyuka tana shela cewa bas za ta fara aiki ran Alhamis, ranar farko kyauta har Kano. Masu shelar ba su yi zaton wani zai yarda ba.

Ran Alhamis motar ta iso, fara tas, ledar kujerunta ma ba a cire ba. Mutanen Nababa suka shiga suka zauna, kowa da ƙunshinsa, abin gwanin sha'awa. Honorabul ya hau mumbari ya fara jawabi a kan tattalin arziki. Yana cikin bayanin yadda zai sauke farashin taki sai wata tsohuwa, Iya Rahmatu, ta iso daga wani ƙauye da jarka biyu ta man gyaɗa. Ta leƙa ƙofa.

"Bayin Allah, akwai wuri?"

Na kujerar gaba ya waiwayo ya dubi malaminsa. Kafin kan Nababa ya yi tunani, wuyansa ya riga ya gyaɗa. Mutumin ya miƙe ya ce bari ya kama ruwa. Iya Rahmatu ta zauna ta ce Allah ya yi albarka.

Bayanta sai mai rago. Bayansa wata mata da goyo da katin asibiti a hannu. Sai mai buhun barkono, sai ɗaliba da akwati, sai wasu tsofaffi biyu masu zuwa ta'aziyya. Jawabin Honorabul kuwa, Allah ya ba shi numfashi, bai ƙare ba sai da ya bi ta kan noma, ya bi ta kan ilimi, ya dawo kan mota. Kafin nan duka mutum talatin ɗin sun fita alwala da ƙarfe sha ɗaya na safe. Nababa ne na ƙarshe, ya ba wani dattijo mai zuwa aikin ido kujerarsa, ya sauka ya tsaya yana kallon motar, ƙirji a buɗe. Tun da yake bai taɓa yin lodi mai tsabta irin wannan ba.

Aka yanke kirtani, aka yi guɗa. Honorabul ya tsaya a bakin ƙofar motar yana ɗaga hannu, mai hoto na binsa. Mota ta tashi lulus, ta kai famfon burtsatse, ta tsaya. Jama'a suka biyo ta a ƙafa, har wasu sun riga ta isa.

Yahya ya tafa hannu. "To jama'a, an gode, an gode. A sauka."

Ba wanda ya motsa, sai ragon.

Iya Rahmatu ta leƙa taga ta ga famfo da mata uku da bokitai. "Ɗan nan, nan ce Kanon? Kai, ta rame."

"Iya, ai gwaji ne. Nan aka ce za a tsaya."

"Wa ya ce? Ni lasifika ta ce mini Kano. Tun asuba nake tafe da jarka biyu, ƙafata har ta kumbura. In Kanon ce ta matso, nuna mini kasuwa in sauka."

Mai katin asibiti ta ɗaga katinta. Dattijo mai aikin ido ya ce shi ba ya gani sosai, amma hancinsa bai ji Kano ba. A waje samari sun ɗaga wayoyi sama, mai hoton da aka ɗauko ma bai ga dalilin dainawa ba. Direban ya raɗa wa Yahya cewa ana jiransu da azahar, Yahya ya raɗa wa Honorabul. Honorabul ya dubi wayoyin nan, ya yi murmushi da haƙora kawai.

"Wa ya ce a sauka? Yahya akwai barkwanci! Direba, Kano!"

Shi dai ya sauka ya shiga tasa motar. Bas ta wuce da mutum talatin da ɗaya, da rago. A ɗaya garin kuwa an ce sun jira har la'asar, daga ƙarshe aka yanke kirtani a gaban fosta.

Yahya ya sami Nababa a gindin marke, jijiyar wuya a tashe. "Baba, wa ya ce su tashi?"

"Wa ya ce kada su tashi?"

"Masu kama da fasinja na ce!"

"Su na ba ka. Fasinja ya zo, mai kama da shi ya zauna yana kallonsa? A wace tasha ka taɓa gani? Ni aikin da na iya ke nan, ɗana."

Motar ba ta sake dawowa ba. Mako guda wasu suka yi suna zuwa filin firamare ƙarfe bakwai daidai, sannan suka haƙura suka koma wa Kamaruddeen. Nababa ya ɗauka ya tsira. Abin da bai hango ba, ya yaye mutum talatin a sana'ar da ba ta iya ciyar da mutum ɗaya, kuma rani ne, ba wanda ke da abin yi. Suka fara zuwa tasha, wani ma goro ɗaya ya ishe shi. Wata safiya Nababa ya iso ya tarar da motar Kamaruddeen cike maƙil da ɗalibansa, kowa na tsaki yana cewa direba a tafi. Fasinjoji uku na gaske suka leƙa, suka ga babu wuri, suka nufi bakin titi. Kamaruddeen ya fito daga wurin mai shayi ya ga abin da idonsa, ya kore su kaf.

"Har ni?" in ji Nababa.

"Kai ne ma na farko, Baba. Makaranta ka buɗe mini."

Kwana tara ya yi a gida yana gyaran dangar da ba ta lalace ba. A na goma abokin hamayyar Honorabul ya aiko. Ya ga hoton a waya, ya ce mutumin da ya iya cika mota haka zai iya cika rumfa. Sharaɗinsa ɗaya: kada kowa ya tashi.

Yanzu Nababa da mutanensa talatin suna zaga tarukan kamfen, yau Minjibir, jibi Tofa, ana kai su a mota ana dawo da su. Jam'iyya uku ya yi wa aiki a wata ɗaya, hula kawai yake canzawa. Ya zauna a layi na biyu ya ji an yi alkawarin jirgin ƙasa, ya ji an yi alkawarin fetur ya koma farashin da, ya yi tafi daidai inda ya dace. Sharaɗin bai taɓa ba shi wahala ba. Yakan waiwaya ƙofar rumfa saboda sabo, amma har yau ba wanda ya zo ya ce a ba shi wuri.

Luba ce ta tambaye shi ran nan, yana goge hula ta uku, "To in an gama zaɓen fa, Malam? Ka koma gadin danga?"

"Ke dai ba ki san gwamnati ba," in ji shi. "In an gama zaɓe ai sai ƙaddamar da ayyuka. Yahya ma ya kira jiya, wai akwai asibiti, ana neman masu kama da marasa lafiya."