Kwana Casa'in da Injiniya Afaf Ta Yi Shiru

Ƙarfe bakwai na safe za ka tarar da Injiniya Afaf Mitwalli a cibiyarmu ta tura motocin asibiti a Iskandariyya, da shayinta da burodi da wake. Shekara ashirin da shida ke nan. Takan buga rubutun babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinmu a takarda, musamman ɓangaren da ke karɓar saƙo daga waje, ta bi shi layi-layi da jan biro. Mu kuwa dariya muke mata.

Bara ta tilasta mana rubuta kowane kira da hannu, bayan na kwamfuta. Mun ci namanta a bayan ido, ni ne kan gaba. Shugabanmu, Dakta Shaukat, ya ce mata, "Hajiya, in tsufa ne ya zo ki faɗa, a kawo miki tabarma." Ta ce, "Ka haɗo da matashin kai, ɗana."

Sai ranar Alhamis, wajen walimar ritayarta, Dakta Shaukat ya fasa ƙwai. Ashe dalilin rubutun hannun, ɓaraka ta gano a manhajar: guntun saƙo ɗaya da aka gurɓata da gangan, daga ko'ina a duniya, ya isa ya sa kwamfuta ta yi ta juya shi har ta sandare. Kwana biyu bayan zancen tabarma ta ja shi ɗaki, ta gwada a gabansa. Na'ura goma sha biyu suka ɗauke cikin minti ɗaya. Da haka ta faru da gaske, mai naƙuda za ta kira, babu wanda zai san motar da ke kusa da ita.

Ya ce zai kira 'yan jarida. Ta ce, "Ka faɗa yau, gobe wani ɗan zaman banza ya gwada." Masu manhajar kaɗai ta rubuta wa, ta jira gyara kwana casa'in.

Injiniya, ke ce kika shanye zaginmu alhali kalma ɗaya za ta wanke ki. A cikin kwanakin nan ne mahaifina ya yanke jiki ya faɗi, na buga wa cibiyarmu ina kuka, mota ta iso a kan lokaci. Ban san a bakin rami muke ba.

Mun gode, Injiniya, ki yafe mana. Ku kuma matasan da ta bar wa kujera, ku zauna ku karanta abin da kowa ya ɗauka lafiya lau yake. Waɗanda za su kira gobe, iyayen wani ne.