Ungulayen Tsamiyar Mahauta

A gidanmu na Gagarawa, da an idar da sallar isha'i sai a hura wuta a tsakar gida, mu jikoki mu kewaye kakarmu Iya Dudu, kowa da gyaɗarsa a gefen toka. Babana mahauci ne, kuma shi ne ɗanta na fari, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta yi masa magana ido da ido. In tana da saƙo gare shi, sai ta faɗa wa bango, ko akuya, ko mu.

Wata shekara sai wasu baƙi suka fara biyowa daga kasuwar Maigatari suna neman kan ungulu na haɗa magani. A bayan mahauta akwai wata tsamiya da ungulaye ke kwana a kanta, su ne kuma ke share wurin bayan yanka. Baba ya yi wa baƙin alkawarin zai zuba guba a kayan ciki ranar kasuwa. Daga baya na san wannan. Wani dare kafin ranar kasuwar dai na lura Iya ta ɗaga murya fiye da kullum, Baba kuwa yana bayan zana yana wasa wuƙa.

Ta ce wai dabbobi ne suka taru za a raba dangi. Masu shayarwa suka ware, su damo da maciji masu jan ciki suka ware, masu fukafukai ma haka. Da aka zo kan ungulu, tsuntsaye suka ce ba su san ta ba. Balbela ta ce a dubi farar rigarta, a dubi wannan mai sanƙo. Shamuwa ta ce warinta kaɗai zai kori damina. Aka kore ta daga ƙasar. Ba a jima ba jaki ya mutu a bakin rijiya. Kare ya ci ya bar saura, ƙuda ya sauka a kai ya tashi ya bi gida-gida, ciwon ciki ya shiga gari.

"To, wa zai kwashe mushen?" in ji Iya.

Na ce, "Balbela!"

"Da farar rigar? Kai, mijin nan nawa, kanka sai girma." Muka bushe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta juya wajen zana ta ce, "Ni dai tatsuniya nake yi wa yara. In akwai babban da ya ji, ba ni na kira shi ba."

Ƙarar wuƙa ta tsaya. Can kuma ta ci gaba.

Bayan ranar kasuwa tsamiya ta zama fayau. A zangon karatun nan aka ɗinka mini sababbin kayan makaranta, na sa su ina taƙama. Iya ba ta ƙara yin wannan tatsuniya ba.

Yanzu ni ke koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Gumel. Na iya jera dangin ungulu da sunayen Latin, na iya bayanin wa ke cin wa a daji har a gane cewa mai cin mushe ma'aikacin tsafta ne. Kwanan baya na zana ungulu a allo, don ba wanda ya taɓa ganinta a ajin. Wata yarinya ta tambaya ko talotalo ne. Da na yi mata bayani, sai ta ce, "Malam, to ina suka tafi?"

Na gyara hula, na ce masana suna kan bincike. Ta sunkuya ta rubuta haka a littafinta, da kyakkyawan rubutu.