Gidan da Doniyor Yake Sake Ginawa

Kowa a layin masu gyaran waya na garin Margilan ya san Doniyor da ƙaton tabaran da yake rufe fuska da shi bayan azahar. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, sai ya cire takalmi kafin ya sa shi.

Gidansu na da yake shiga, wanda ya zana a kwamfuta, tabaran ke nuna masa shi kamar yana ciki. Gidan na gaske an rushe shi lokacin faɗaɗa titi. Yayansa Shuhrat yana aikin masana'anta a Koriya, yayarsa Nigora tana aure a Mosko, shi da mahaifiyarsu, wadda suke kira Oyi, suka koma bene. Tun rasuwar babansu ba su sake zama kan shimfiɗar abinci ɗaya ba, kuma ƙafafun Oyi sun daina yarda da tafiya mai nisa.

Shi ya sa ya sauke manhajar ƙera wasanni, ya fara koyo daga bidiyo. Farkon abin da ta ba shi fili ne fari fat. Ya ja katanga, ya kafa rumfar inabi, ganyenta suka fito kamar na kabeji. A tsakiyar filin ya shimfiɗa dasturhan, wato shimfiɗar abincinsu, ya jera gurasa da butar koren shayi. Duk mai irin wannan tabarau zai iya shigowa daga ko'ina, a ga juna, a yi hira.

Ranar gwaji Shuhrat ya ari tabarau ya shigo daga Koriya.

"Kai, gwani, wannan inabi ne ko kabeji?"

"Yaya, ka yi shiru, ga Oyi nan."

Doniyor ya ɗaura mata tabaran a kan ɗankwalinta. Ta ɗaga kai ta ga rumfa, ta kira sunan Shuhrat a hankali. Sai ta dubi ƙasa, ta janye ƙafafunta da sauri.

"Cire min. A kan gurasa ka tsayar da ni."

Manhajar tana sauke duk mai shigowa ne a tsakiyar fili, inda ya yi shimfiɗar. Shi kullum katanga da rufi yake kallo, bai taɓa duba ƙafarsa ba.

"Oyi, ba gurasar gaske ba ce."

"In ba ta gaske ba ce, me ka kira ni in ci da 'ya'yana?"

Ta shafa fuska ta nemi gafarar Allah, ba ta sake karɓar tabaran ba.

Washegari ya gano yadda ake matsar da wurin saukar. Ya kai shi bakin ƙofa, ya zana takalma a jere, har da na roba da babansu yake sawa in zai ba inabi ruwa. Yanzu sai mutum ya tako daga ƙofa, ya zagaya shimfiɗar, kafin ya zauna.

Ya gaya wa Oyi. Ta ce sai Nigora ta samu nata tabaran, ba ta zama da 'ya'ya biyu ta bar ɗaya a waje. Nigora ta ce wataƙila bayan sallah.

Yau ma ya shiga, ya zauna shi kaɗai a wurinsa na ƙarami, kusa da ƙofa, yana gyara ganyen inabi ɗaya bayan ɗaya. Da la'asar ta yi ya sa takalmi, ya rufe shago, ya sayi gurasa biyu masu zafi ya kai wa Oyi.