Ruwan da Yaya Ya Tsiyaye

Ƙanena direba ne ya kawo mini injin wankin daga Maraɗi, ɗan gwanjo, irin mai murfi a sama. Ya kawo ne saboda hannuwana: garin sabulu na tsattsaga mini yatsu har jini. Ranar da aka kawo wuta na fara wanki a zaune, sai da na yi ƙwalla.

Bayan damina ya fara ƙara. In ya zo matse kaya sai ya kama ƙwanƙwasa kamar ana daka a ɗaka. Na roƙi maigida ya jira ƙanena ya dawo. Ya ce to. Washegari sai ga shi da yayansa daga Daddara, riƙe da sukudireba.

Yaya manomi ne, kuma tunda ya taɓa tayar da injin ban ruwa, ba abin da ya fi ƙarfinsa. Rediyon gidanmu na ƙarƙashin gado tun ranar da ya duba shi.

Ya cire saman injin, ya girgiza tukunyar wankin, ya kasa kunne. A bakinta akwai wani zobe mai kauri na roba da ya zagaye ta, ruwa na motsi a ciki.

"Kun ji ko? Ruwa ne ya maƙale mashi. Amarya, aza mani ƙusa bisa wuta."

Na ce, "Yaya, tun ran da ya zo nake jin ruwan nan, kuma lafiya lau yake wanki."

Maigida ya harare ni. "Yaya na magana kina magana?"

Ni da kayana, ni na ɗora ƙusar a murhu, ni na miƙa masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ya huda robar, suka karkata injin, ruwa ya tsiyaye a tsakar gida. Yaya ya dangwala ya lasa, ya ce gishiri gare shi, shi ne ma ke cin ƙarfen.

Da aka kunna, injin ya yi tsalle, ya taho da gudu har ya tsinke wayarsa, ya daki randa. Yaya ya ce sabon gyara ne, zai zauna. Ya ci tuwona, ya tafi.

Da ƙanena ya dawo ya ga hujin, ya riƙe kai. Ashe masu ƙera injin ne suka zuba ruwan da gangan, shi ke daidaita tukunyar in tana juyi. Ƙarar kuwa wani ƙarfe mai riƙe tukunyar ne ya saki. Ya nemi robar a Maraɗi da Katsina, babu.

Na ce wa maigida ya gaya wa Yaya gaskiya. Ya ce ba zai kunyata babba a kan roba ba.

Sati bai cika ba Yaya ya aiko da manyan rigunansa, tunda inji ya gyaru. Na durƙusa gaban baho na wanke su da hannu, yatsuna na zafi. Ran Juma'a ina jiyo shi a zaure yana nuna wa mutane hannun rigarsa.

"Ku dubi haske. Tun da na taɓa injin ga, haka yake wanki."