Littafin Jikata da Ƙwaryar Gyaɗa

Yaya zan gane ko labarin da jikata ta rubuta yana da kyau? Wata da watanni ina tambayar kaina, har yau ban samu amsa ba.

Ina ƙarama a Lau, in an cire gyaɗa, mukan kewaye kakarmu bayan magariba muna ɓara, ita tana ba mu labari. Ba ta taɓa tambayar mu ko ya yi daɗi ba. Ƙwarya take leƙawa. In ta cika da wuri, sai ta taɓe baki ta ce, "Yau na yi shirme." In kuwa hannuwa sun tsaya, ɓawo a yatsa, baki a buɗe, ta san ta kama mu.

Ban yi boko ba. Wannan ma maƙwabciyata ce ke rubuta mini. Amma da jikoki suka fara shigo da littattafan nan na matasa gidanmu na unguwar Turaki, maigidana ya ce babu wanda za su karanta sai mun ji shi tukuna. Shi yana karantawa, ni ina ɓara. Wani littafin bangonsa sai ƙyalli, amma kafin la'asar na cika ƙwarya biyu. Sai ya rufe ya ce, "Hajiya, wannan dai ya ba mu miya." Wani kuwa, yarinya ce kawai ta faɗi jarrabawa tana tsoron komawa gida. Ranar ko tukunya ban ɗora ba.

Bara babbar jikata ta rubuta nata a waya. Ta ce in muka ce yana da kyau za ta ci gaba, in ba haka ba ta bar rubutu. A lokacin ciwo ya riga ya kwantar da maigidana.

Yanzu takan zauna ta karanta mini, hannuna kuma yana tsayawa. To amma tun da ya rasu, ko mai tallar nono ce ta wuce, hannun tsayawa yake yi. Ga shi in za ta shiga sabon babi sai ta yi gyaran murya, sak irin nasa. Hawaye ya zubo mini, ita kuma ta ajiye wayar.

"Kaka, labarin ne ko Baba ne?"

Wallahi ban sani ba. In na ce labarin ne, wataƙila na yi mata ƙarya. In na yi shiru, za ta bari.

Ranar da za a kai shi asibiti ya kama bakin mayafina a zaure. A nan ya yi mini maganarsa ta ƙarshe. Ya ce, "Kada ki yaba mata don tausayi. Ki jira ni, mu ji shi tare."